Alƙalin Wasa da Hanyar Zuwa Kofin Duniya

Duk lokacin da aka fitar da wata ƙasa daga wasannin neman gurbin zuwa Gasar Kofin Duniya, maganar farko da ake ji a gidajen kallo da teburan masu shayi ita ce, "Alƙali ne ya kashe mu." Mu nan Sabo haka muke cewa, maƙwabtanmu Yarabawa ma haka suke cewa da nasu harshen. Wani lokaci maganar gaskiya ce, wani lokaci kuma zafin rashi ne kawai. Shi ya sa na ga ya kamata mu ɗan waiwayi tarihi, mu ga inda usur ɗaya ya hana ƙasa guda tafiya, da yadda hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, wato FIFA, ta yi hukunci a kowane karo. Wanda ya bi labaran nan a hankali zai ga laifin alƙalin wasa ba iri ɗaya ba ne, kuma ba hukunci ɗaya ake yi masa ba.

Yadda aka samu mai usur

Da Turawan Ingila suka rubuta dokokin ƙwallon ƙafa a 1863, babu mai usur a tsakiyar fili. Shugabannin 'yan wasan ɓangarorin biyu ne ke sasanta rigima a tsakaninsu. Daga baya kowace ƙungiya ta riƙa zuwa da nata mai lura, in su biyun suka kasa daidaitawa sai su kai magana gaban mutum na uku da ke bakin fili, kamar yadda mai saye da mai sayarwa kan kira dattijo idan ciniki ya cije. A 1891 aka shigo da wannan na ukun cikin fili aka ba shi cikakken iko, sauran biyun kuma aka mayar da su gefe suna riƙe da tuta. A shekarar ce kuma aka shigo da bugun fenariti. Katin gargaɗi da jan kati kuwa sai a gasar 1970 a Meziko aka fara ɗaga su.

Akwai wata magana a doka ta biyar cikin dokokin wasan da ya kamata mai karatu ya riƙe, don a kanta komai zai rataya. Dokar ta ce abin da alƙali ya yanke game da abin da ya faru a cikin fili, har da shigar ƙwallo raga ko rashin shigarta, shi ne na ƙarshe. In an tashi wasa, magana ta ƙare.

Su kuma wasannin neman gurbi, a gasar 1934 aka fara su, domin ta farko a 1930 gayyata aka yi. Ƙofar da aka bar wa Afirka tun asali ƙarama ce ƙwarai. A 1966 ƙasashen Afirka ƙaurace wa wasannin suka yi, saboda an ce su da Asiya da yankin Ostireliya su nemi kujera ɗaya tak. Sai a 1970 Afirka ta samu gurbi guda nata na kanta, Maroko ta tafi. Aka mai da shi biyu a 1982, uku a 1994, biyar a 1998, sannan tara a 2026. Ƙasashe sama da hamsin ke cunkoso a wannan ƙofa, kuma wanda ya faɗi sai ya jira shekara huɗu. Ɗan wasan da ke da shekara talatin, wataƙila shi ke nan ya yi sallama da gasar. To ka ga dalilin da usur ɗaya a irin waɗannan wasanni ya fi na wasan lig nauyi, domin a lig mako mai zuwa ma rana ce.

Kuskuren ido

A watan Nuwamban 2009 Faransa da Jamhuriyar Ailan suka haɗu gida da waje don neman gurbin zuwa Afirka ta Kudu. Faransa ta ci ɗaya da nema a Dublin. Ranar 18 ga wata a Paris, Robbie Keane ya ci wa Ailan, aka zama kunnen doki a jimilla, aka shiga ƙarin lokaci. A minti na 103 aka bugo ƙwallo cikin da'irar Ailan, tana shirin fita waje sai Thierry Henry ya sa hannun hagu ya tare ta, har sau biyu, ya miƙa wa William Gallas ya sa kai ta shiga. Duk wanda ke gaban talabijin a duniya ya gani. Alƙalin wasa, Martin Hansson ɗan ƙasar Suwidin, da mataimakinsa ba su gani ba.

Henry da bakinsa ya amsa cewa hannu ne. Hukumar ƙwallon Ailan ta roƙi a sake wasan, FIFA ta ce a'a, ta kafa hujja da doka ta biyar. Alƙali ya yanke cewa ci ne, kuma bai saɓa wa wata doka ba, abin da idonsa bai kama ba ne kawai. Har Ailan ta nemi a sa ta a matsayin ƙasa ta 33 a gasar, nan ma aka ƙi. Sai a 2015 ta fito fili cewa FIFA ta bai wa hukumar Ailan Yuro miliyan 5 bayan rigimar, maganar zuwa kotu ta mutu. Faransa kuwa ta je gasar ta dawo da maki ɗaya tak, bayan 'yan wasanta sun ƙi fita atisaye saboda rikici da mai horar da su. Amma wannan bai mayar wa mutanen Ailan komai ba.

Kuskuren doka

Shekara huɗu kafin wannan, an yi wani abu da ya nuna inda FIFA ke yarda ta rushe wasa. Ranar 3 ga Satumban 2005 Uzbekistan ta karɓi Baharen a birnin Tashkent, a neman zuwa gasar Jamus ta 2006. Uzbekistan na gaba da ci ɗaya, sai ta samu fenariti, Server Djeparov ya buga ta shiga. Alƙali Toshimitsu Yoshida na Japan ya ga wani ɗan Uzbekistan ya riga ya kutsa cikin da'ira kafin a buga, sai ya soke cin. Zuwa nan bai yi laifi ba. Amma doka ta ce in ƙwallon ta shiga a irin wannan hali, sake bugun fenaritin ake yi. Shi kuwa sai ya bai wa Baharen bugun tazara. An tashi ɗaya da nema.

Uzbekistan da ta ci wasa ita ce ta kai ƙara, tana neman a rubuta mata ci uku da nema. FIFA ta duba ta ce lalle an yi kuskure, kuma kuskuren doka ne, domin alƙalin ya ga abin da ya faru daidai amma ya ɗora masa hukuncin da ba nasa ba. Saboda haka ta soke wasan gaba ɗaya ta ce a sake. Da aka sake a watan Oktoba aka tashi ɗaya da ɗaya a Tashkent, aka je Manama aka tashi babu ci, Baharen ta wuce saboda ƙwallon da ta ci a waje. Garin neman gira aka rasa ido. Uzbekistan ba ta samu zuwa Kofin Duniya ba sai a watan Yunin 2025, da ta samu gurbin gasar 2026, bayan kusan shekara ashirin.

Kowane ɗan kasuwa zai gane bambancin waɗannan biyun. Mai awo da ya duba sikeli ya karanta ba daidai ba saboda cunkoso da sauri, daban. Wanda ya karanta daidai amma ya yi lissafi da farashin wani kaya, shi ma daban. Na biyun ana iya buɗe littafi a nuna masa. Akwai kuma na uku, wanda ya lanƙwasa gindin mudu tun daga gida.

Cin amana

Ranar 12 ga Nuwamban 2016 Afirka ta Kudu ta karɓi Senegal a Polokwane, a neman zuwa Rasha. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci, ƙwallo ta bugi Kalidou Koulibaly a wajen gwiwa, hannayensa ba su taɓa ta ba. Alƙali Joseph Lamptey na Gana ya busa fenariti wai hannu ne. Thulani Hlatshwayo ya ci. Bayan 'yan mintoci Thulani Serero ya ƙara ta biyu daga wani bugun tazara da aka yi cikin gaggawa, 'yan Senegal ba su ma gama shiri ba. Aka tashi biyu da ɗaya.

Da a ce abin ya tsaya a kan hoton talabijin, da hukuncin Paris za a maimaita, a ce kuskuren ido ne. Abin da ya sauya labarin daga wajen fili ya zo. Kamfanonin da ke sa ido kan kasuwar caca sun lura cewa an zuba kuɗi ta hanyar da ba a saba gani ba, a kan cewa za a ci ƙwallaye da yawa a wasan, a daidai lokacin da wasan kansa bai nuna alamar haka ba. Aka haɗa wannan da hukunce-hukuncen alƙalin. A watan Maris na 2017 FIFA ta haramta wa Lamptey harkar ƙwallo har iya rayuwarsa. Ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙararrakin wasanni da ke Lausanne a Suwizalan, kotun ta tabbatar da hukuncin. A watan Satumba FIFA ta ce a sake wasan. Ranar 10 ga Nuwamban 2017 aka koma Polokwane, Senegal ta ci biyu da nema, ta samu gurbinta na farko tun 2002.

A lura, ba a samu Afirka ta Kudu da hannu a ciki ba. Alƙalin ba don ƙaunar wata ƙasa ya yi ba, yawan ƙwallaye ake nema don masu caca su kwashi kuɗi. Wannan ya kamata samarinmu da ke cika shagunan caca su yi tunani a kai. Wanda ya sa kuɗinsa a kan wasa irin wannan, an riga an ci shi tun kafin a take leda.

Shekara huɗu bayan an sake wancan wasa, Afirka ta Kudun ce ke kuka. Ranar 14 ga Nuwamban 2021 a Cape Coast, canjaras kawai take buƙata da Gana. Alƙali Maguette Ndiaye na Senegal ya ba da fenariti da Daniel Amartey ya faɗi a cikin da'ira, André Ayew ya ci, Gana ta wuce. Mutane da yawa sun ce taɓawar ba ta kai ta faɗuwa ba. Afirka ta Kudu ta kai ƙara tana fatan a yi mata irin abin da aka yi wa Senegal, FIFA ta yi watsi da ƙarar. Zargi ba ya isa a rushe wasa, sai da hujja. Ganar nan kuma ita ce ta zo ta haɗu da Najeriya a zagaye na gaba.

Me ya sa ƙwallon ƙafa ta fi jin jiki

Kowane wasa yana da alƙali, amma nauyinsu ya bambanta. A wasan tsere agogo da kyamara ke yanke hukunci, ɗan'adam kaɗan ne nasa. A kokawarmu ta gargajiya kayi a bainar jama'a yake, haka kisa a dambe, in hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa kowa ya gani. Damben zamani kuwa, in ba a kai mutum ƙasa ba, komai yana hannun masu ba da maki. A gasar Olamfik ta 1988 a Seoul, Roy Jones na Amurka ya kai wa Park Si-hun na Koriya ta Kudu naushi 86, shi kuma ya rama 32, amma alƙalai uku cikin biyar suka ba ɗan gida zinare. Abin kunyar ya sa aka sauya tsarin ba da maki kafin gasar 1992.

A ƙwallon kwando alƙali yana busa usur ba adadi, amma kowace ƙungiya tana cin maki tamanin ko ɗari, saboda haka kuskure ɗaya yakan nutse a cikin yawa. Sai fa idan wasa ya zo ƙarshe kai da kai, kamar wasan ƙarshe na Olamfik ta 1972 a Munich, inda aka maimaita daƙiƙa uku na ƙarshe har Tarayyar Sobiyat ta ci Amurka 51 da 50, Amurkawa suka ƙi karɓar azurfarsu.

Ƙwallon ƙafa ta zauna a tsakiya. Alƙalinta ba ya ba da maki kamar na dambe, amma ci a cikinta tsada gare shi. Wasa da yawa kan ƙare da ƙwallo biyu ko uku, kuma fenariti huɗu, kusan uku sukan shiga. Wanda ke sayar da tumatir kwando ɗari in ɗaya ya ruɓe ba ya ji. Wanda jarinsa saniya ɗaya ce, in ta faɗi ya tashi daga kasuwa. Haka fenariti ɗaya yake a wasan gida da waje na neman gurbi. Ga kuma ihun 'yan kallo. Binciken da aka yi kan wasannin da aka buga ba 'yan kallo a lokacin korona ya nuna cewa bambancin katin da ake bai wa baƙi da 'yan gida ya ragu. Ashe alƙali ma mutum ne, kunnensa na ji.

Na'ura ta zo, gardama ba ta tafi ba

Bayan an hana Frank Lampard na Ingila ƙwallon da ta tsallaka layi a wasansu da Jamus a 2010, FIFA ta yarda da na'urar da ke tantance tsallaka layin raga, aka yi amfani da ita a gasar 2014. A 2018 aka kawo VAR, wato alƙalin da ke zaune gaban allo yana duba hoto. Da akwai ta a Paris, da cin Gallas bai tsaya ba. Da akwai ta a Polokwane, da wuya Lamptey ya iya abin da ya yi.

Duk da haka, ranar 29 ga Maris 2022 a Blida, da VAR ɗin a wurin, Aljeriya ta tashi tana kuka da alƙali Bakary Gassama na Gambiya. An soke wa Islam Slimani ƙwallaye biyu, Ahmed Touba ya ci a minti na 118, kowa ya ɗauka an gama, sai Karl Toko Ekambi ya ci wa Kamaru a daƙiƙun ƙarshe. Aljeriya ta nemi a sake wasa, ba a sake ba. Na'ura tana iya nuna maka inda ƙafa take da inda ƙwallo ta taɓa. Ko turin ya kai laifi ko bai kai ba, wannan har gobe mutum ne zai faɗa.

Namu lissafin

Yanzu mu dawo gida mu buɗe namu littafin. Babban zaluncin ido da 'yan Najeriya ba sa mantawa ba a neman gurbi aka yi shi ba. Wasan ƙarshe ne na Kofin Afirka, ranar 13 ga Fabrairun 2000 a Surulere, inda bugun Victor Ikpeba ya bugi turken sama ya faɗa bayan layi, alƙali Mourad Daami na Tunisiya ya ce ba ta shiga ba, Kamaru ta ɗauki kofi. Wannan kuka ne mai hujja.

Amma a hanyar Kofin Duniya fa? A Nuwamban 1977 a filin Surulere ɗin nan, Godwin Odiye ne ya ci gidanmu da kai, Tunisiya ta tafi Ajantina. A 1981 Aljeriya ta zo Legas ta ci mu biyu da nema, ta ƙara mana biyu da ɗaya a Constantine. A Yunin 2005 a filin Sani Abacha na Kano, Jay-Jay Okocha ya fara ci, muka bari Angola ta farke, bayan ta riga ta ci mu a Luanda. Muka gama da maki 21 kowa, ita ta tafi Jamus. A Maris 2022 a Abuja, harbin Thomas Partey ta ƙarƙashin mai tsaron gidanmu Francis Uzoho ya wuce. VAR ce ma ta samar mana fenaritin da William Troost-Ekong ya farke da shi, ita ce kuma ta tabbatar da satar gida a cin Victor Osimhen. Aka tashi ɗaya da ɗaya, Gana ta wuce da cin waje, 'yan kallo suka farfasa filin, FIFA ta ci tarar Najeriya. A neman zuwa gasar 2026 kuwa, a Uyo muka yi kunnen doki da Lesotho da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, Benin ta ci mu a Abijan, sannan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da mu a bugun fenariti a Rabat a Nuwamban 2025. A duk waɗannan, wanda ya ce alƙali ne sai ya kawo shaida.

Sannan akwai ranakun da iskar ta kaɗa ta wajenmu, waɗanda ba mu cika tunawa ba. A Oktoban 2013 a Adis Ababa, 'yan Habasha sun rantse cewa harbin Saladin Said ya tsallaka layi kafin Godfrey Oboabona ya fitar da shi, ba a ba su ba, muka ci biyu da ɗaya. Ranar 7 ga Oktoban 2017 a Uyo, Augustine Mulenga na Zambiya ya jefa ƙwallo a ragarmu aka ce satar gida ce, hukuncin da 'yan Zambiya ba su yarda da shi ba har yau. Alex Iwobi ya ci, muka tafi Rasha muna murna. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne, alƙali yana iya hana ƙasa tafiya, ya kuma yi hakan a Paris da Tashkent, ya kusa yi a Polokwane. Amma yawanci sai wasa ya zo kai da kai hannunsa ke yin nauyi, kuma ƙungiyar da ta zubar da makinta a gida ita ce ta miƙa masa wuyanta. Saboda haka in an sake hura usur ɗin da bai yi mana daɗi ba, kafin mu kira bawan Allah ɓarawo, mu tambayi kanmu wanne ne cikin ukun: bai gani ba ne, ko bai san doka ba, ko kuwa an saye shi? Na farkon yana samun kowa, na biyun ana gyara shi da horo, na ukun kuma zargi ne mai nauyi da FIFA kanta ba ta yanke shi a kan Lamptey ba sai da ta shafe watanni tana tattara hujja. Wannan ladabi ya shafi har gasar unguwa da yaranmu ke bugawa lokacin hutu, inda alƙalin ɗan maƙwabci ne da ko kuɗin ruwa ba lalle a ba shi ba, amma a bi shi da jifa saboda fenariti ɗaya.

Allah ya ba mu ikon yin adalci, ko da a kan wanda ya ci mu ne.